Kafin Udojinki Ya Zo, Uwargida

 Akwai wata hira da ba ta tsufa a tsakaninmu, ko a gidan suna, ko wurin kitso, ko a gindin murhu ana jiran tukunya ta tafasa. Ita ce hirar "da Allah zai ba ni". Wannan ta ce da za ta sami miliyan biyar, da sai ta sake gado da katifa da labule, ta cika ɗaki da kaya har abokiyar zama ta kasa barci. Waccan ta ce ita kujerar Makka za ta biya wa tsohuwarta. Wata kuma ta ce firji za ta saya ta riƙa sayar da ƙanƙara da zoɓo. 'Yan makaranta ma suna da nasu lissafin, daga sabuwar waya sai leshi da takalmi.

Wannan hira ba laifi ba ce, gama buri ba ya cin kuɗin kowa, kuma Allah mai bayarwa ne. Amma akwai tambayar da ba mu cika yi wa kanmu ba, watau shin in kuɗin ya zo, zama zai yi ko kuwa wucewa? Ba sai mun yi dogon tunani ba, domin ƙasar nan ta taɓa gwada abin a kan dubban gidaje a lokaci ɗaya, kuma har yau akwai tsofaffi a cikinmu da suka gani da idonsu.

SHEKARAR UDOJI

A shekarar 1972 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta naɗa wani kwamiti a ƙarƙashin Cif Jerome Udoji domin ya duba tsarin aikin gwamnati da albashin ma'aikata. Kwamitin ya miƙa rahotonsa a 1974. A daidai lokacin kuwa kuɗin man fetur ya yi tashin gwauron zabi a kasuwar duniya, ganga ta tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12, baitulmalin gwamnati ya cika ya batse. Sai aka yi ƙarin albashi irin wanda ba a taɓa gani ba. Ƙaramin ma'aikaci da ke karɓar naira 312 a shekara ya koma naira 720. Bugu da ƙari, aka ce ƙarin ya fara aiki tun daga watan Afrilu na 1974, saboda haka a farkon 1975 aka dunƙule wa ma'aikata bashin watanni tara aka danƙa musu gaba ɗaya.

Ku tuna fa, a lokacin naira ba ta daɗe da fitowa ba, don a ranar 1 ga Janairu 1973 ta maye gurbin fam, fam ɗaya naira biyu. Malamin makaranta, da akawu, da masinja, da malamar asibiti, kowa ya wayi gari da kuɗin da bai taɓa riƙe irinsa a hannu ba. To, me aka yi da shi? Kantuna suka cika maƙil. Aka yi ta sayen rediyo, da babur, da keke, da agogo, da firji, da yadudduka. An ƙara aure, an yi bukukuwa. Kalmar "Udoji" ta shiga bakin kowa, har ta zama sunan duk wani kuɗin da ya faɗo wa mutum bagatatan.

Amma 'yan kasuwa su ma suna sauraron rediyo. Kafin kuɗin ya gama shiga aljihu, farashi ya riga ya tashi. Ma'aikatan kamfanoni suka shiga yajin aiki suna neman nasu Udojin. A cikin shekarar 1975 tsadar kaya ta ƙaru da kusan kashi 34 cikin ɗari, watau abin da ake saye naira 100 ya koma naira 134. Ba a yi nisa ba sai ga mai sabon albashi yana kuka kamar yadda yake yi da tsohon.

A nan wajenmu, lokacin muna cikin Jihar Arewa maso Yamma, abin ya fi ciwo. Manomi da makiyayi ba su cikin takardar albashi, ba su sami ko anini ba, ga shi kuma ba su gama farfaɗowa daga farin da aka yi a 1972 zuwa 1974 ba, wanda ya ƙone amfanin gona ya kashe dabbobi daga nan har cikin Nijar. Amma da suka je kasuwa, farashin Udoji suka biya kamar kowa.

Ku tambayi duk dattijuwar da mijinta ya karɓi wannan kuɗi, ku ji me ya saura. Rediyon ya mutu, babur ɗin ya zama tsohon ƙarfe, yadin ya koɗe. In akwai abin da ya rage, za ku tarar fili ne, ko gona, ko ɗakin da aka gina, ko saniyar da ta hayayyafa, ko yaron da aka ɗaure wa gindi ya yi karatu. Gidajen da suka yi haka kuwa galibi waɗanda dama can suka saba da tattali ne. Abin lura ke nan, 'yan uwa. Babban kuɗi kamar ruwan sama yake, hanyar da ya tarar an haƙa ita yake bi. Matar da naira ɗari ba ta kwana a hannunta, miliyan ma ba za ta kwana ba, sai dai ta fi saurin tafiya domin masu tayin kashe ta sun fi yawa.

TAKARDA BA DUKIYA BA CE

Darasi na biyu shi ne, tara takardar kuɗi kawai a ƙarƙashin katifa ko cikin tukunya ba shi ne tanadi ba. Mu mutanen bakin iyaka mun fi kowa sanin wannan.

A watan Afrilu na 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta sauya launin takardun naira, ta rufe iyakokin ƙasa, ta ba jama'a ƙasa da mako biyu su canza kuɗinsu a banki. Wanda ke da fiye da naira 5,000 sai ya yi rantsuwa a rubuce ya bayyana inda ya samo. Duk wadda ta binne kuɗinta ba ta ji labari da wuri ba, ko ta rasa mai kai mata banki, ta wayi gari da takardun banza. Iyakar kuwa ba a buɗe ta ba sai a watan Maris na 1986.

Waɗansu za su ce to ai sai a ajiye sefa, tun da Kwanni ga ta nan kusa. Ita ma sefar ta taɓa yin nata. A watan Janairu na 1994 aka karya darajarta da rabi a dare ɗaya, farankan Faransa ɗaya da ake canzawa sefa 50 ya koma sefa 100.

Na baya-bayan nan kuwa duk mun gani. A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwar sake fasalin naira 200 da 500 da 1,000, kuma a farkon 2023 aka shiga ƙuncin rashin tsabar kuɗi, mai tsohon kuɗi ana ƙin karɓa, mai kuɗi a banki ya kasa cirewa, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Maris cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki. A watan Mayu na 2023 aka janye tallafin man fetur. Zuwa Disamba 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce tsadar kaya ta haura kashi 34 cikin ɗari a shekara, kamar dai zamanin Udoji. Ma'anar wannan a tsakar gida ita ce, naira 100,000 da aka kulle a akwati shekara guda, in an fito da ita ba za ta sayi abin da ya wuce na naira 75,000 na bara ba. Ɓarawo bai shigo ba, amma kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi.

Sai kuma rufe iyaka. An rufe ta a watan Agusta na 2019, Illela na cikin huɗun farko da aka buɗe a Disamba 2020. An sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Kowane karo kasuwarmu ta Lahadi ta ji a jikinta, mai tuwo-tuwo da mai fura da mai ƙosai suka rasa baƙin da ke saye. Matar da ta tsallake waɗannan watanni ba tare da ta sayar da kayan ɗakinta ba, ita ce wadda ta ajiye wani abu tun ana cikin walwala. Ba a fafe gora ranar tafiya.

TANADIN YAU DA KULLUM

To, yaya za a yi, alhali abin da ke shigowa bai taka kara ya karya ba? Hausawa sun ce da yayyafi kogi kan cika. Naira 200 a rana ba ta sayen abin kirki, amma a wata naira 6,000 ce, a shekara kuma naira 73,000. Dabarar ita ce a cire ta da safe kafin a fara kashewa. Wadda ta ce sai abin da ya saura da dare za ta ajiye, ba za ta taɓa ajiye komai ba.

Abu na farko, ki san inda kuɗinki ke zurarewa. Ki sami ɗan littafi, ki rubuta duk abin da kika kashe har mako biyu, ko 'yarki 'yar makaranta ta rubuta miki. Za ki yi mamakin abin da katin waya, da kayan ƙwalama, da sayen man gyaɗa da magi da sabulu ƙulli-ƙulli ke ci. Wanda ke saye kaɗan-kaɗan kullum ya fi kowa biya da tsada. In ku uku ko huɗu kuka haɗa kuɗi kuka aika kasuwar Lahadi aka sayo da yawa kuka raba, ribar mai tebur ta dawo aljihunku. Haka nan itace da gawayi: rufe tukunya, da jiƙa wake kafin a ɗora, da kashe wuta da zarar an sauke, duk kuɗi ne.

Na biyu, asusu. Asusun laka da iyayenmu ke bai wa yara yana da hikima guda, watau ba ya buɗuwa sai an fasa. Ki yi amfani da shi don tara ƙananan kuɗi, amma kada ya wuce wata biyu ko uku ba ki fasa kin juya abin da ke ciki ya zama wani abu ba.

Na uku, adashi. In mata goma suna zuba naira 2,000 kowane mako, kowace za ta kwashi naira 20,000 in layi ya zo kanta. Wannan shi ne ƙaramin Udojin da yawancinmu ke gani, kuma a nan ake gane halin mace da kuɗi. Sai dai a kiyaye abu uku. A zaɓi uwar adashi mai amana, wadda aka san gidanta da danginta. A rubuta zubi da kwasa a gaban shaidu, gama addininmu ma ya hore mu da rubuta bashi. Kuma kada zagayen ya yi tsawo, domin a lokacin tsada mai kwasar ƙarshe ita ke cutuwa.

Maƙwabtanmu na Nijar sun ƙara wa adashi wata dabara. A shekarar 1991 a yankin Maraɗi, da taimakon ƙungiyar CARE, aka fara ƙungiyoyin da ake kira Mata Masu Dubara. Mata kan taru mako-mako su zuba abin da suka amince a cikin akwati, wadda ke bukatar jari ta ranta ta mayar, in zagaye ya cika a fasa a raba. Akan sa wa akwatin kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku daban, akwatin kuma a ɗakin ta huɗu, don kada mutum ɗaya ya iya buɗewa. Wannan tsari da matan ƙauyen Hausa suka fara ya bazu zuwa ƙasashe da yawa na Afirka har da Asiya. Mu da muke da su a bakin ƙofa mun fi cancanta mu koya. Masu gudun kuɗin ruwa sai su tambayi malamai yadda za su juya kuɗin akwatin cikin saye da sayarwa maimakon rance da ƙari.

Na huɗu, kiwo, wanda shi ne bankin kakanninmu. Jar akuyar Sakkwato, wadda mutanen Nijar ke kira akuyar Maraɗi, ta yi suna har Turai saboda kyan fatarta, ga ta da yawan haihuwar tagwaye, cikinta kuma wata biyar ne. Ɗan rago da aka saya watanni kafin Babbar Salla, aka kiwata da dusa da harawa, yakan mayar da kuɗinsa da riba. Farashin dabba yana tafiya tare da tsadar kaya, ba kamar takarda ba. Amma dabba tana ciwo tana mutuwa, saboda haka a kai ta allurar rigakafi wurin malaman dabbobi, kuma kada a zuba duk abin da aka mallaka a garke ɗaya.

Na biyar, hatsi. Gero da dawa da wake suna araha da kaka, su yi tsada da damina. Matar da ta sayi abincin gidanta da kaka ta huta da awon watan Yuli da Agusta. Wake kuwa yanzu akwai buhu mai ninki uku, leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda in an shanya waken ya bushe sarai aka ɗaure kowane ninki tam, ƙwari kan mutu don rashin iska, ba sai an zuba magani mai guba ba. Tanadin abincin gida dabam, ɓoye abinci don a ƙuntata wa jama'a dabam, wannan na biyun addini ya hana.

Na shida, banki. Ya kamata kowace mace ta buɗe asusun ajiya da sunanta, ba da sunan miji ko ƙane ba. Mai gudun riba, akwai bankunan da ba su mu'amala da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012. Hukumar NDIC, mai inshorar kuɗin ajiya, tun 2024 ta ɗaga abin da take biyan mai ajiya in babban bankin kasuwanci ya rushe zuwa naira miliyan 5. Lambar sirrin katinki kuwa taki ce ke kaɗai. Kada ki karanta wa mai POS, kada ki faɗa wa wanda ya bugo waya ya ce daga banki yake.

RAMUKA BIYU

Rami na farko shi ne masu cewa kawo dubu goma ki karɓi dubu ashirin a wata. A 2016 wani shiri mai suna MMM ya yi ta alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, a Disamba na shekarar ya daskarar da kuɗin mutane, dubbai suka tafka asara. Irinsa na sake fitowa da sabon suna, wani lokaci har da rigar addini. Asirinsu ɗaya ne: kuɗin na baya ake bai wa na gaba, ranar da sababbi suka daina shigowa sai a nemi mai shiri a rasa. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Rami na biyu a cikin gidajenmu yake, watau gasar biki. Zumunci wajibi ne, gudummawa kuma tsohuwar hanyar taimakon juna ce. Amma anko kala uku a biki ɗaya, da gara ta nuna isa, da cin bashi don kada a ce wance ta fi ki, waɗannan su ne ke cinye adashin shekara a cikin kwana uku. Mutanen da kike so ki burge za su ci su watse, ke kuwa ki kwana da mai bin bashi.

RANAR DA YA ZO

Udojin mace yakan zo ta hanyoyi da dama: gado, ko sadaki, ko kwasar adashi, ko bashin albashi, ko garatutin maigida, ko kyautar ɗa da ya sami buɗi. Tun yanzu ya kamata ki tsara abin da za ki yi, tun ido bai rufe ba. Ga shawarata.

Da fari, ki yi shiru, ki bar kuɗin a banki wata guda ba ki taɓa ba. Zumuɗi zai kwanta, kuma abin da ba a ji ba, ba a roƙonsa. Sa'an nan ki biya duk bashin da ke kanki, ki fitar da haƙƙin Allah. In dukiyar ta kai nisabi kuma ta shekara, zakka ɗaya cikin arba'in ce, sadaka kuwa gwargwadon hali.

Abin da ya saura ki kasa shi goma. Kashi biyu na ranar ciwo da haihuwa da rufe iyaka, a ajiye inda za a iya ɗaukowa da sauri. Kashi uku jari ne, amma a sana'ar da kika riga kika iya. Mai ƙuli-ƙuli ta ƙara gyaɗa, mai ɗinki ta sake keke. Mai mafarkin firji ta fara lissafa awa nawa ake samun wuta a unguwarsu kafin ta biya. Kashi huɗu a abin da ba ya narkewa: fili mai takarda da shaidu, ko dabba, ko zinariya, ko karatun yara. Kashi ɗaya na ƙarshe kuwa naki ne, ki sayi atamfar da ranki ke so, ki yi wa iyaye alheri, ki ji daɗinki ba tare da jin kunya ba. Wadda ta hana kanta kwata-kwata, wata rana za ta fasa duka.

Game da maigida, shari'a ta ba mace ikon dukiyarta, ciyarwa da tufatarwa kuma a wuyansa suke. Shawara da shi alheri ce, taimakonsa kuma lada ne. Amma in rance ne a kira shi rance, a rubuta, in kyauta ce a kira ta kyauta. Gidaje da yawa sun ɓaci saboda an bar wannan magana a duhu.

GARE KU 'YAN MAKARANTA

Ƙannena, ku ma da ku ake. In kika cire naira 50 daga kuɗin tara kowace ranar makaranta, a zango mai mako goma sha biyu kin tara naira 3,000, kuɗin littattafan rubutu da biro ba tare da kin roƙi kowa ba. Ku riƙe wa iyayenku mata littafin cefane da na adashi, lissafin da kuke koya a aji a nan ne amfaninsa yake farawa. Kada kuma wata ta zauna tana jiran mai kuɗin da zai zo da mota ya ɗauke mata talauci. Kuɗin miji na miji ne, yau akwai gobe babu. Karatu da sana'ar hannu su ne dukiyar da ba a sauya mata launi, ba a karya darajarta, ba a kuma rufe mata iyaka.

Saboda haka, uwargida, ki fara daga gobe da safe. Ki cire abin da ya sawwaƙa kafin ki aika cefane, ko da naira ɗari ce, ki rubuta a littafi. Allah ya ba mu na halal, ya sa masa albarka, ya kuma ba mu hankalin riƙe shi. Sai mun sake saduwa a wannan fili.